Kujerar Tsakiya

"Ki taɓa mana, ba ta cizo!" in ji Tamsin, tana shafa fatar kujerar. "Wannan maɓallin yana ɗumama baya, wannan yana sanyaya shi. Ga aljihu a ƙofa, ga ma'aji a ƙarƙashin kujerar baya, har bindiga yana ɗauka."

Kinley ba ta taɓa komai ba. Idonta na kan abin da ke tsakanin kujerar direba da ta fasinja: wani ƙaton akwati mai murfin fata, da ramuka biyu na ajiye kofi.

"Ina kujerar tsakiya?"

"Au..." Tamsin ta dafe ƙirji. 'Yar mai sayar da motoci ce, ita ta kawo sabuwar a-kori-kurar har bakin kasuwar shanu, kuma tun suna makaranta take son mai motar, Royce Beaudry. "Bai gaya miki ba? Ni na cika masa takardar. Abin da ya zaɓa ke nan, ƙawata."

Shekara uku Kinley tana zama a tsakiyar tsohuwar motar Royce, kafaɗa da kafaɗa, sandar giya tana bugun gwiwarta. A wajenmu ba a shelar soyayya. In mota ta wuce aka hango kai biyu manne a bayan sitiyari, magana ta ƙare. Kuma ta tsakiya ba ta sauka buɗe ƙofar shingen makiyaya in an tarar da shi a hanya. Wannan aikin na wanda ke bakin ƙofa ne.

"'Yar tsakiyata!"

Royce ne, ya gama ɗaura tirelar shanu, hula a hannu, yana murmushi har kunne. A bayansa ga uwarsa, Verna, mai shanu ɗari tara, wadda ba ta taɓa manta cewa uban Kinley ɗan ƙodago ne mai gyaran shingen mutane ba.

"Kin ga amaryar motar? Ta yi miki?"

"Tana da faɗi," in ji Kinley.

Kafin ya amsa, Verna ta riga ta haye gaba.

"Gwiwata ba ta son baya."

Royce ya dubi akwatin, ya dubi uwarsa. Kunnuwansa suka yi ja.

"Shiga baya, sanyin idona. Yau kaɗai. In mun isa akwai abin da zan nuna miki."

Ta shiga. Kujerar ta fi gadonta laushi. Daga nan ƙeyarsa kawai take gani.

Shinge bakwai ne tsakanin kwalta da gidan Beaudry, kuma ƙanƙara ta narke, hanya ta zama taɓo. A na farko motar ta tsaya. Royce ya kai hannu ga ƙofa.

"Bari in..."

"Ka saki sitiyari a gangare, da shanu goma sha biyu a bayanka?" in ji Verna. "Bar ta. Ta iya. Sana'ar gidansu ce."

"Mama!"

"Ƙarya na yi?"

Kinley ta sauka. Ta cire zoben wayar da ke riƙe da ƙofar shingen, ta ja sandar, motar ta wuce, ta rufe, ta dawo da taɓo har idon sawu.

"A kula da shimfiɗar ƙasan," in ji Verna. "Sabuwa ce."

Na biyu. Na uku. A na biyar ƙayar wayar ta yanke ta a yatsa, don safar hannunta tana cikin tsohuwar motar, Allah kaɗai ya san inda aka jefa ta.

A na bakwai ta buɗe, motar ta wuce, ta rufe shingen tana ta waje.

Baƙon birni ne kan yi wannan kuskuren, a shekara ana yi masa dariya. Royce ya leƙo ta taga yana dariyar.

"Kinley! Kin rufe kanki a waje!"

"Na sani."

Dariyar ta mutu. Ya sauko, gangare ko babu gangare.

"Haba, masoyiyata... Zo ki gani, minti ɗaya!"

"Na gani tun a kasuwa."

"Ba ki gani ba. Wallahi ba ki..."

Verna ta danna hon, ta riƙe. Shanu suka fara tumami, tirela ta girgiza. Royce ya waiwaya. Daƙiƙa biyu ya yi yana kallon shanunsa, kuma Kinley ta lissafa su.

Ta taka mil huɗu zuwa gidan ubanta.

Ya kira sau biyu, ba ta ɗauka ba. Ya zo sau ɗaya, ta sa aka ce ba ta nan, alhali tana bayan labule tana kuka. Mazan wajenmu kalma goma suke fita da ita da safe, kuma takwas na shanu ne. Royce ya zaci lokaci zai yi masa bayanin. Ita kuma ta zaci in yana son ta zai zo na biyu. Kowannensu ya zauna yana jira, yana ganin mutunci yake karewa.

Ta sami aiki a asibitin dabbobi a birnin Billings. Tamsin ta yi ta kai wainar tuffa gidan Beaudry har kaka ta shigo. Verna ce ta cinye.

A watan Oktoba, ana tattaro shanu daga tudu, dokin Royce ya zurma ƙafa a rami ya faɗo masa. Bai kai asibiti ba. Ranar jana'iza Kinley ta tsaya a layin ƙarshe, ta tafi kafin a raba abinci.

Mako uku bayan haka, da safe, ta fito da bokitin wanki ta tarar da motar a ƙofar asibitin. Verna na tsaye a gefe. Ta ƙanƙance cikin rigar sanyinta.

"Misis Beaudry."

"Zo nan, yarinya."

Tsohuwar ta buɗe ƙofar, ta sa hannu a gaban akwatin, ta ɗaga shi. Ya miƙe tsaye, ya koma majingina.

Kujera ce.

Ledar kamfani ma ba a cire mata ba.

"Wata biyu ya jira aka kawo mai irin wannan," in ji Verna. "Masu fata yawanci akwatinsu a kafe yake. Ya ce in ba ya ɗaguwa ba ya so. Ɗaga mazaunin."

Kinley ta ɗaga. Akwai ɗan ma'aji a ƙasa. Babu zoben aure, Royce ba mutumin irin wannan tsari ba ne. Safar hannunta ce a ciki, an ɗinke babban yatsan da zaren sirdi, ɗinki mummuna. Da tabaranta mai karyayyen hannu. Da rabin ledar alewar kirfa da take tsotsa in hanya ta yi nisa.

"Wayyo, Royce..."

Ta kifa goshi a kan ledar. Verna ta bar ta har ta gaji.

"Tamsin ta sani?"

"Ita ta cika takardar."

"Ke fa?"

Tsohuwar ta dubi titi.

"Tun a kasuwa na ga madannin akwatin. Na ɗora hannuna a kai. Mil ashirin da shida ban ɗaga ba, har kafaɗata ta sage." Ta miƙo mabuɗin motar. "Karɓi. Taki ce. Ni ba na iya shigarta in ba dole ba."

Kinley ta dubi mabuɗin. Ta ɗauki safar, ta sa a aljihu. Ta rufe mazaunin, ta sauke majinginar a hankali har ta koma akwati.

"Ki koma da ita gida, Misis Beaudry."

"'Yata, don Allah..."

"Wurin ai naki ne. Kin riƙe shi da kyau."

Ta ɗauki bokitinta. A ciki wani kare yana jiran a wanke masa rauni.