Majanyin da Ke Cikin Hoton Alƙahira

Ko sallamar kirki Ummukulsum ba ta yi ba ta faɗa gidan Gwaggo Tambaya, ƙanwar babanta kuma mahaifiyar Salim. Ta iske ta tana yanka tumatir za ta shanya.

Shekara uku ke nan da Salim ya tafi Alƙahira karatun noman rani, ya bar ta da alkawarin aure. Can ya kamu da son ɗaukar hoto a titi. Kullum sai ya turo mata, yau mai burodi da tire a ka bisa keke, gobe tsofaffi 'yan shayi. Ya ce idonsa nata ne, duk abin da ya gani sanyin zuciyarsa ma ta gani. Baiwar Allah ta yarda, har ta kori wani maneminta, Lukmanu mai injin casar shinkafa a Kura. Biki saura wata biyu, da an yanke shinkafa.

To, yau da hantsi ya sa sabon hoto a shafinsa. Wata Balarabiya ce a kasuwar kayan miya, ta juya baya, da goyo. Ya rubuta wai wata uwa ce ya gani a hanya.

A duk hotunansa Ummukulsum ba ta taɓa ganin matan can da goyo a baya ba, shi ya sa ta buɗa hoton. Nan take ta gane majanyin goyon. Majanyin nan ita ta kalmashe bakinsa da hannunta bara, da Gwaggo ta ce na jikar ƙawarta ne a Madobi. Ga ma inda jan zare ya ƙare mata ta ƙarasa da kore.

Ta miƙa wa Gwaggo wayar.

"Gwaggo, wannan ce jikar ƙawar taki?"

Gwaggo ta kalla sau ɗaya ta ajiye wuƙa. Ta shiga kame-kame, wai ƙaddara ce, wai zaman kaɗaici ne ya sa shi yin aure a can, an so a gaya mata bayan biki don kada zumunci ya ɓaci.

"Ni kika sa na ɗinka wa ɗansa majanyi... ni, Gwaggo?"

"Yi haƙuri, 'yata. Wallahi ke yake so. Sunan babanki ma ya sa wa yaron, Muhammadu Sani."

Ummukulsum ta tsura mata ido.

"Har Baba ya sani?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Shi ya yanka ragon sunan... a gidanku."

Nan ta tuna ragon da aka ce mata sadaka ce. Ita ta wuni tana suya, har ta cika gwangwani aka tafi wa Salim da shi. Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata.

"Ki gaya wa ɗanki na fasa. Baba kuma ni zan gaya masa da bakina."