Sunan da Aka Yanke a Ƙasan Hoto

Ƙarfe tara na safe Ramatou ta shigo komisariyar 'yan sanda da takarda a nannaɗe, idanunta jawur.

"An sace mini hoto, Insifekta."

Insifekta Ƙasimu, wanda ya fi sabawa da ɓarayin babur, ya warware takardar. Tallar irin kayan lambu ce: wata tsohuwa tana ba ganyen salati ruwa a lambunan Gamkalley. A ƙasa an rubuta "Faisal Foto, Zongo".

"Mahaifiyata ce, ni na ɗauke ta. Na kai hoton gasa, alƙalai suka ga wannan talla, suka ce ni ce ɓarauniya. Gobe za su cire ni."

"Yaya ya bar hannunki?"

"Na sa shi a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Sharaɗina ɗaya: a rubuta sunana."

A Zongo, Faisal mai buga talla ya tarbe shi da murmushin da ya yi yawa.

"Ni na ɗauka, ranka ya daɗe. Watan jiya."

"Watan jiya? To, madalla."

Insifekta ya wuce Gamkalley. Cikin lambu ya nuna wa wata dattijuwa, Delu, hoton. Ta ajiye bokiti.

"Wayyo, Zalika! Allah ya jiƙanta. Shekara uku ke nan da rasuwarta, ɗan nan."

Ya koma Zongo.

"Malam Faisal, ashe har matattu kake ɗauka? Kunna ordinatar, kwamfutar nan taka, mu ga hoton."

Hoton na nan, da sunan Ramatou ɓaro-ɓaro a ƙasansa. Gumi ya keto wa Faisal.

"Wallahi ba sata na yi niyya ba. Libre na gani da Faransanci, na ce shi ke nan, kyauta ne, ban karanta sauran ba. Hoton ya fi takardar tsawo, na datse ƙasan."

"Sunanka fa?"

"Haka muke yi a sana'ar nan. Kowace talla muna sa sunan shago don masu saye su same mu."

"Ƙaryar fa?"

"Tsoro. Ina ganinka na rikice."

Abin ya so ba Insifekta dariya, ya kuma ba shi tausayi.

"Rufe shago, mu je."

"Gidan kaso?"

"Gaban alƙalan gasa. Abin da ka faɗa mini za ka maimaita."

Ya kuwa maimaita, kansa a ƙasa. Aka mayar da sunan Ramatou cikin gasar. A bakin ƙofa Faisal ya tsaya gabanta.

"Ki yafe mini, Madam. Yau zan sake bugawa da sunanki."

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Na yafe. Amma ka sa nata ma."

Faisal ya zaro biro daga aljihu.

"Faɗa mini shi cikakke, kada in sake yanke komai."