Dutsen Wanzamin Fada

A ƙarshen zamanin tsohon sarki, cikin damina, sa'ad da ƙanensa yarima ya yi wa birni ƙawanya yana neman sarauta, dutsen da wanzamin fada yake wasa aska da shi ya faɗi ya rabe biyu. Fatar sarki ta tsufa ta yi laushi, aska in ta dakushe sai ta fitar masa da jini. Ga shi kuwa ba ya yarda mayaƙansa su gan shi da gashi buzu-buzu, kada a ce ya karaya.

Wanzami ya bi maƙeran birni ɗaya bayan ɗaya. Duwatsunsu na wasa takubba ne, kaushinsu cinye bakin aska yake yi. Ayari kuma ya daina shigowa. Wanzami ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka lallaɓa da rabin mana."

Ya ce, "Rabin bai kai tsawon aska ba. Wuyan sarki ne fa, ba ƙeyar ɗan dako ba."

Ya nemi izinin waziri, ya fita ta ƙaramar ƙofa da hantsi zuwa bakin kogi, inda fataken da yaƙi ya tare suka yi zango. Madugu ya baje masa duwatsu a kan buzu. Wanzami yana ɗauka yana waiwaye. Ya ƙwanƙwasa kowanne ya ji ko da tsaga a ciki, ya bi fuskarsa da farce, ya ɗiga ruwa ya goga aska. Wani ya cika tauri, aska na sulɓewa a kansa. Wani ya cika laushi, yana narkewa kamar yumɓu. A ƙarshe ya sami wani baƙi mai santsi, ya gwada askar a gashin hannunsa, gashin ya zube ba ƙara.

Bai ɗaure zabirarsa ba mahayan yarima suka kewaye shi, suka kai shi sansani. Yarima ya dube shi ya ce, "Yaya jikin yayana?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Riƙe dutsenka, ni zan sallami madugu." Ya sa aka yafa masa riga, aka raka shi har gindin ganuwa, masu gadi suna kallo.

Waziri ya tare shi a zaure ya ce, "Me ya nema a wurinka?"

"Bai nemi komai ba, ranka ya daɗe."

"Maƙiyi ya ba ka riga, bai nemi komai ba?"

Kafin azahar magana ta kai kunnen sarki. Duk da haka ya kira wanzami ya zauna masa, dogarai tsaye da takubba zare. Aska ta bi kai lafiya. Da ta sauko maƙogwaro, sarki ya zabura, ita kuwa ba ta taɓa yin kaifi irin na ranar ba, ta tsaga shi a ƙarƙashin haɓa. Raunin bai kai ya kawo ba, amma aka jefa wanzami kurkuku.

Daga nan sarki bai ƙara amincewa da kowa ba. Ya tuɓe wazirin da ya ba da izini, ya ɗaure sarkin ƙofa, ya hana sarkin yaƙi shiga gabansa da makami. Kafin kaka, manyan fada da kansu suka buɗe wa yarima ƙofa.

Masu ba da tarihi sun ce sabon sarki ya saki wanzami ya mayar masa da gidansa, amma bai taɓa miƙa masa wuyansa ba. Ganuwa takan tsare mai mulki daga na waje. In tsoron na kusa ya shige shi, shi da kansa yake korar masu tsaron nasa, abin da Allah ya hukunta kuma ya same shi ba kowa a gefensa.