'Yar Dattijo Mai Ɗinkin Littafi

Da kwali biyu ya shigo shagon, ɗaya a kafaɗa, ɗaya yana tura shi da ƙafa, gumi ya jiƙa masa riga har gadon baya. Ita kuwa tana bakin teburin aiki, allura a hannu, tana ɗinke bayan kundin wani ɗalibi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sannu da aiki. Nan ne ake gyaran littattafai?"

"Nan ne. Ajiye can kusa da injin yanka."

Ya ajiye ya buɗe. Littattafan waƙoƙin coci ne, bangonsu duk ya ɓaɓɓalle, wasu an ɗaure su da roba don kada shafuka su zube. Ta ɗauki ɗaya ta buɗe. Sunan cocinsu ne a shafin farko, cocin garinsu, inda mahaifinta yake dattijo tun ba ta shiga firamare ba.

Ta ɗago. Shi ma ita yake kallo.

"Likita?" ya ce a hankali.

Tun tana 'yar shekara tara ake kiranta haka. Babanta ne ya laƙaba mata, coci ta ɗauka, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Ta shiga karatun likitanci kamar yadda aka tsara mata, ta yi ta fama, a shekara ta huɗu ta faɗi babbar jarrabawa sau biyu, makaranta ta sallame ta. Shekara biyu ke nan ba wanda ya sani a gida. Da ta ce wa Baba ya daina aiko mata da komai don ta samu tallafin karatu, tashi ya yi ranar Lahadi ya ba da shaida a gaban jama'a, aka yi ta tafi.

"Ban san ka ba," ta ce.

"Ni ne sabon makaɗin piano. A falonku muke gwajin waƙa duk Alhamis, hotonki da farar riga yana saitin kujerata. Na fi shekara ina kallonsa." Ya ɗan sosa kai. "Wato ina ganinsa nake nufi."

A wani lokacin da ta yi dariya. Yanzu kam hawaye ne ya zo, ta rasa abin sharewa, hannunta duk gam.

"Don Allah kada ka faɗa."

"Ba maganata ba ce da zan faɗa," ya ce. "Yaushe zan dawo na karɓa?"

Mako uku ta ce masa, amma bayan mako guda sai ga shi, wai ya zo duba yadda aiki yake tafiya. Tafiyar awa uku ce a mota daga garinsu. Tsohon da yake da shagon ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Samari, littattafan nan ba asibiti aka kwantar da su ba, ba a zuwa musu dubiya."

Makaɗi ya yi dariya, ya ja kujera ya zauna. Malamin firamare ne a ranakun aiki, Asabar kaɗai yake da ita, ita ɗin ma ya kawo ta shagon nan ya ajiye. Yana riƙe mata shafuka tana zura zare, yana ba ta labarin yadda nasa iyayen suka so ya zama lauya, ya gudu daga aji a shekara ta biyu.

"Kai ka faɗa musu?"

"Na faɗa. Mamata ta yi wata shida ba ta amsa gaisuwata."

"To ka gani."

"Amma a wata na bakwai ta amsa."

Ta ci gaba da ɗaure zare. Ita ta san nata uban, kuma ta san ba maganar wata shida ba ce.

Ba ta taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar na littattafan nan ba. A cikinsu ta koyi karatu tana zaune kan cinyar mamarta. Ta warware kowanne, ta goge tsohon gam, ta ɗinke sabo, ta yi musu bango mai kauri da ba zai ji tsoron hannun yara ba. Da rana, lokacin hutun makarantarsu, saƙonsa yakan shigo.

"Mai allura, kin ci abinci ko sai na kira Tsoho na kai ƙararki?"

"Na ci. Kai dai ka kula da yaran mutane."

"Yara suna lafiya. Malaminsu ne ba ya jin daɗi, tun Asabar zuciyarsa ta ƙi biyo shi gida."

Ta karanta sau uku, ta kifa wayar, ta sake ɗauka. Sonsa take yi, ta sani, kuma sanin bai kawo mata sauƙi ba. A gida an riga an gama magana da iyayen wani likitan ƙashi, ɗan aminin Baba, cewa da ta kammala sai biki. Mutumin kirki ne, yana kiranta duk ƙarshen wata ya tambaye ta wane sashen asibiti take yanzu, ita kuma ta ƙirƙiro masa ɗaya.

Ranar da Makaɗi ya zo ɗaukar littattafan, ya tsaya a bakin ƙofa da kwali a hannu.

"Zuciyata, babanki ya sa an ware Lahadin ƙarshen wata mai zuwa don godiyar kammala karatunki. An sanar jiya a taron dattawa."

Ta zauna a kan kujera.

"Ki bari na raka ki mu faɗa masa."

"Ba zan iya ba."

"To me za ki yi ranar?"

"Ban sani ba," ta ce. Gaskiya ta faɗa, ba ta sani ba. Addu'a ma ta daina iya haɗa kalmominta, sai dai ta durƙusa ta yi shiru ta tashi.

Ba a kai ranar ba. Wata Talata da hantsi tana sanye da rigar aiki mai tabon gam, tana daddanna kundi a ƙarƙashin injin matsi, ta ji sallamar da ko a cikin barci za ta gane. Baba ne a bakin ƙofa, da kwat ɗinsa ta zuwa taro, ya rungumo babban Littafi Mai Tsarki na bagadin coci da bayansa ya rabu biyu.

"Ina neman wanda ya gyara mana littattafan waƙa," yake cewa Tsoho. "Na ce sai na zo da kaina na gode masa, irin wannan hannu ba a..."

Maganar ta tsaya. Ya dube ta daga kai har ƙafa, ya dubi almakashin da ke aljihun rigarta.

"Yau ba ku da asibiti ne?"

"Baba, an sallame ni. Shekara biyu ke nan."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ta ji sauƙi. Ya ajiye littafin a kan teburi a hankali, ya ce, "Sau huɗu na tsaya gaban mutanen Allah na ba da shaida a kanki." Ya juya ya fita, ta bi shi har titi tana kira, bai waiwayo ba.

Ta koma shago ta rubuta wa Makaɗi.

"Kai kaɗai ka san wurin nan. Na gode. Kada ka sake zuwa."

Ya kira sau tara ba ta ɗauka ba. Sai ya turo saƙo.

"Ban faɗa wa kowa ba, Ubangiji shaida ne. Amma in fushi da ni zai rage miki wani abu yau, ki yi, zan ɗauka."

Kwana biyu tana kuka tana aiki. A rana ta uku Tsoho ya gaji da ganinta, ya ɗauki wani kundi da ta gama, ya buɗe bangon baya ya tura mata gaba. Hatimin shagon ne a can ƙasa, da suna da adireshi, wanda ake bugawa a kan duk aikin da ya fita.

"Wa ya buga wa littattafan cocin nan hatimi?" ya tambaya.

Ita ce. Ɗaya bayan ɗaya ta buga musu, har tana hura tawada don ta bushe, hannu ya saba bai tambayi kai ba. Da kanta ta aika wa ubanta adireshi sau sittin.

Ta kira Makaɗi, da ya ɗauka ta fara ba shi haƙuri.

"Na ji," ya ce. "Ba sai kin ce komai ba. Ki shirya, Asabar zan zo mu tafi gida tare."

Zuwan bai yi daɗi ba. An sauke hoton daga bangon falo, sai ƙusa da ɗan farin wuri. Iyayen likitan ƙashi sun riga sun aiko cewa a ɗan dakata da maganar, kowa kuma ya san ma'anar dakatawar. Baba yana zaune yana duba jarida a juye. Makaɗi ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi ba tare da kwana-kwana ba, cewa yana sonta kuma aure yake nufi.

"Kai," in ji Baba. "Kana shigowa falona duk Alhamis, kana shan ruwan gidana, kana jin ina cika baki, ka yi shiru."

"Na yi shiru, Baba. Amana ta ba ni."

"Wanda ya gudu daga aji ya samu wadda aka kora daga aji. Kun dace. Tashi ka fita."

Ya tashi ya fita. Ita ta bi mamarta kicin, ta zauna a ƙasa kusa da firiji kamar lokacin tana ƙarama.

"Mama, in ba likita ba, ni mece ce a gidan nan?"

Mama ta kashe wuta, ta zauna kusa da ita da ƙyar saboda gwiwa.

"Ke na haifa, ba farar riga ba. Amma ƙaryar ta yi masa ciwo, ni ma ta yi mini. Shi kuma ba ke kaɗai yake jin haushi ba. Da kansa yake rigima, ya san shi ya toshe miki bakin faɗa."

"Zai yafe?"

"Ban sani ba, 'yata. Shekara talatin ina tare da shi, ban taɓa ganinsa haka ba."

Lahadin godiyar ta zo ta wuce ba a yi komai ba. Baba ya rubuta wa fasto cewa ya sauka daga dattijo, don ya ba da shaidar da ba gaskiya ba. Fasto ya ƙi karɓa, shi kuma ya koma zama a bencin baya. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta rubuta masa wasiƙa uku, Mama ta ce yana karantawa ya ninke ya sa a aljihu.

Wata bakwai ya wuce, bai amsa gaisuwarta ba. Na takwas ma haka. Makaɗi bai fasa zuwa gaishe shi duk Lahadi bayan sujada ba, yana durƙusawa, ana barinsa a durƙushe. Fasto da Mama da ƙanen Baba suka yi ta zarya, daga ƙarshe abin da suka samo kalma biyar ce.

"Ku yi. Ban hana ba."

Ba wanda ya iya tambayarsa ko zai zo.

Safiyar ɗaurin auren tana tsaye a barandar coci da farar riga, ƙanen Baba a gefe yana gyara hannun kwat don shi zai shigar da ita. Waya ta yi ƙara a hannun ƙawarta, ta miƙo mata.

"Mai allura, ko wa ya riƙo hannunki, ni ina nan gaba ina jira. Ki taho kawai."

Aka fara waƙar shigowa. Ta ɗaga ƙafa ke nan ta ji an ce, "Matsa."

Baba ne yake wa ƙanensa magana. Ya rame, kwat ɗin ta yi masa yawa. Ya ɗauki hannunta ya sa a nasa, ya tsaya yana kallon yatsunta, duk sawun allura, fatar ta yi kanta.

"Tun yaushe kika san ba za ki iya karatun nan ba?"

"Tun shekarar farko, Baba."

"Kika kasa faɗa mini."

"Tsoro nake ji kada ka daina sona."

Ya rufe ido. Mawaƙa sun gama baitin farko sun shiga na biyu, mutane sun fara waiwaye.

"Ban iya ba ne," ya ce. "Ban daina ba. Ban iya nunawa ba ne. Mu je, yaron nan ya daɗe a durƙushe."

Suka shiga a hankali, ita tana kuka, shi yana kallon gaba. Da fasto ya tambaya wa yake ba da wannan amarya, Baba bai tsaya ga amsar da aka saba ba. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Ni ne. Na tsaya a nan na faɗa muku abubuwa da yawa a kanta, yau ga na gaskiya. 'Yata ce, ɗinkin littafi take yi, ta iya aikinta, kuma ina alfahari da ita."

Ya ɗora hannunta a kan na ango, ya dafa kawunansu su biyu.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya kiyaye ku. Ya ba ku gidan da ɗa zai iya faɗa wa ubansa gaskiya."

Jama'a suka amsa da amin. Ita kuwa ta riƙe hannun angonta da ƙarfi, ɗaya hannun kuma ta ƙi sakin na babanta, har sai da fasto ya yi murmushi ya ce a ba shi wuri ya ɗaura aure.