Awon Baba

Ranar da ta fara shigowa ofishinsa, rungume take da kwalin tsofaffin littattafai. Shi ne mai tsara rumbun bayanan rijiyoyin mai da gas na kamfanin, ita kuma an ɗauke ta ta riƙa shigar da tsofaffin bayanai a kwamfuta.

"Sannu da kaya. Rubutun wa ne wannan mai kyau haka?"

"Na Babana ne. Shekara talatin ya yi yana auna zurfin rijiyoyinku."

Daga ranar ya laƙaba mata 'Yar Baba, ita kuma take ce masa Injiniyana. Kafin wata shida maganar aure ta isa gida.

Sai rumbun ya ja musu tsiya. Aka haƙa sabuwar rijiya bisa bayanansa, ba a samu ko ɗigo ba. Kwamitin bincike ya ɗora laifin kan awon tsohon. Baba, da ya riga ya yi ritaya, ya daina leƙa ko ƙofar gida.

"Wanda na'urarsa ta mayar da ni maƙaryaci ba zai auri 'yata ba," in ji shi.

Ta tura wa saurayin saƙo: "Injiniyana, kada ka ƙara zuwa. Baba ko abinci ba ya ci. Ina sonka, amma ba zan iya kallonsa haka ba."

Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya koma kan littattafan yana bi shafi-shafi, sai ya ga abin a bangon na farko: da ma'aunin ƙafa tsohon yake awo, ba da mita ba. Shi kuwa gwanin namu bai ware gurbin ma'auni a rumbun ba, duk lambar da ta shiga, a matsayin mita rumbun ya ɗauke ta.

Babu wanda ya sani sai shi. Kwana uku yana juya abin, a na huɗu ya faɗa wa kwamiti. Suka wanke tsohon, shi kuma suka sallame shi daga aiki.

Ya je ya durƙusa gaban Baba.

"Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Ni, Baba. Kuma da wane ido zan kalle ta?"

Tsohon ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ita kuma tana bayan labule tana share hawaye.

An ɗaura auren ba hayaniya, ango ba aikin yi. Baba ya miƙa masa kwalin littattafan nan.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Ka riƙe min su, ka riƙe min ita."