Ƙofar Bos na Ƙarshe

A garin Barranquilla an yi wata yarinya mai son wasan bidiyo kamar ranta. Wasan da ta fi so shi ne Jarumin Tsibiri, kashi na biyar. Yarinyar akwai wayo, amma akwai gaggawa.

Wata rana malamarsu ta zane, Malama Nubia, ta ba su aikin gida.

"Kowa ya nemo tsohon abu da sabo," in ji ta. "Ku dube su da kyau, ku zo ku gaya mana bambancinsu."

Yarinya ta yi murmushi. Babanta Efraín yana da kashi na ɗaya na wasan a wani tsohon kaset. Yakan kunna shi ranar Lahadi, ya yi ta kallon talabijin, sannan ya kashe bai buga ba. Ya sha gaya mata kada ta taɓa shi sai yana nan.

Ran nan Baba yana wurin aiki. Mama tana kicin tana gasa wainar masara. Yarinya ta taka kujera, ta sauko da kaset daga saman kabad. Ta hura shi kamar yadda Baba yake yi, ta saka a na'urar wasa.

Wani suna ya fito: WIL. A ƙasansa an rubuta sabon wasa. Ita matakin farko take son gani, sai ta danna nan. Na'ura ta yi mata wata tambaya. Ko karantawa ba ta yi ba, ta danna e.

Da matakin farko ya buɗe, sai ta fashe da dariya.

"Wannan ne teku? Layi biyu shuɗi? A nawa har kifi ake gani a ƙarƙashin ruwa!"

Tana cikin dariya Baba ya shigo. Ya tsaya cik.

"Uwata, ina sunan da yake nan?"

"Wane suna? Sabon wasa kawai na fara. Baba, dubi bishiyoyinku, kamar tsintsiya a kife!"

Baba bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya ajiye jakarsa, ya fita baranda ya zauna.

Mama ta fito tana goge hannu.

"Kin san abin da kika goge?" in ji ta. "Wasan Baffanki Wilmer ne. Kaset ɗin wuri ɗaya gare shi na ajiya."

Yarinya ta tuna Baffa Wilmer, ƙanen Baba, mai dariya da ƙarfi. Tana ƙarama ya rasu.

"Tun suna yara shi da Babanki suke fama da bos na ƙarshe, babban dodon wasan, ba su ci shi ba," Mama ta ci gaba. "Da Wilmer ya kwanta rashin lafiya, suka sake farawa. Suka kai bakin ƙofar ƙarshe. Ya ce a bari sai Lahadi. Bai kai Lahadin ba."

Sai yanzu yarinya ta gane. Ashe sunan ƙaninsa Baba yake kallo duk Lahadi. Ta fita baranda tana kuka.

"Baba, ka yi haƙuri. Ka hana ni, na ƙi ji. Ba za a iya dawo da shi ba?"

"Ba za a iya ba," in ji Baba. "Kuma na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba."

Can sai Baba ya yi ɗan murmushi.

"Kin san Wilmer ma ya taɓa goge nawa? Muka kama dambe a gaban talabijin. Kakarki ta fito da ludayi ta kore mu duka."

Yarinya ta share hawaye.

"Baba, mu sake kai sunansa ƙofar. Ni da kai."

"Ke? Mai raina mana teku?"

"Na daina!"

Ranar Lahadi suka fara. Da aka nemi suna, yarinya ta rubuta WIL da hannunta.

Bos na farko ƙaguwa ce mai ido ɗaya. Ta ci yarinya, ta sake cin ta, ta kuma cin ta.

"Haba!" in ji yarinya. "Bos na wasana ya fi gidan nan girma, har wuta yake fesawa, amma na ci shi!"

"Naki ya fi kyau, ba musu," in ji Baba. "Amma wannan sai kin lura da ita. Kafin ta kai duka, idonta yakan ƙifta. Wilmer ne ya gano."

Yarinya ta zuba ido. Ido ya ƙifta, ta yi tsalle, ta sare ƙaguwar. Ihun da ta yi har maƙwabta sun ji.

Kowane mataki da labarinsa. A dajin ayaba, Baba ya nuna mata inda aka taɓa ɗauke musu wuta suna dab da ci. A kogon jemagu, ya ce nan Wilmer yake rufe ido don tsoro.

"Kashi na biyu fa?" ta tambaya.

"Ya fi wannan launi. Akwai dutse mai aman wuta. Na uku kuwa gidan ƙanƙara ne mai kyau, amma bos ɗin ƙaguwar nan ce aka shafa wa farin fenti. Wilmer ya ce ragwanci ne!"

Sai yarinya ta tuna wani abu. A wasanta ma akwai ƙatuwar ƙaguwa, kuma idonta yana ƙiftawa kafin ta kai duka. Ba ta taɓa lura ba sai yanzu.

Wata Lahadi suka isa ƙofar ƙarshe. Baba ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ɗauko abin danna wasa na biyu, wanda aka ɗaure da salatif.

"Na Wilmer ne," ya ce. "Riƙe."

Suka buɗe ƙofa. Wani macijin teku ya taso. Baba ya tare kai, yarinya ta bi wutsiya. Suka sha kashi har Mama ta gaji da kiran su cin abinci. A ƙarshe maciji ya faɗi.

Sai ga wasu 'yan mutane biyu a cikin kwalekwale, suna tafiya gida a kan layi biyun nan shuɗi. Baba yana dariya, hawaye suna zuba.

"Mun ci, Wil," ya ce a hankali.

A makaranta, yarinya ta nuna zanen ƙaguwa biyu, tsohuwa da sabuwa.

"To, wanne wasan ya fi?" in ji Malama Nubia.

"Sabon ya fi kyaun gani, Malama. Amma daga tsohon ya koyi komai. Kuma na koyi abu biyu. Kada in taɓa kayan wani sai na tambaya. Kada in raina tsohon abu, don ban san abin da mai shi ya ajiye a ciki ba."

Kaset ɗin yana nan a saman kabad. Ranar Lahadi ita take hura shi, Baba ya saka.