Filin da Ba a Shiga da Takalmi

Ma'auni, na'urar ƙirga sawu, ya yi ƙara sau biyu, allonsa ya koma ja: Filin Shanya, Unguwar Gangare, shekara guda ba wanda ya taka shi. A dokar birnin Tudun Ƙarfe, duk filin hukuma da jama'a suka daina amfani da shi, majalisa na iya ba da hayarsa ta shekara casa'in da tara. Wani kamfanin jiragen dako har ya kawo zanen gininsa.

Injiniya Barira ce ta ƙera Ma'auni, kuma tana ji da shi kamar ɗan fari. Kowane takalmi a birnin yana da 'yar ƙwayar lantarki a dunduniya, na'urar kuma tana ƙirga sawun da ya shiga kowane fili. Abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya: wani tsohon sashe na dokar da ya ce sai jami'i ya je da ƙafarsa ya yini a wurin kafin a sa hannu. Tuni ta rubuta wa majalisa a soke shi.

Da yake ita ce jami'ar da aka tura, ta tafi filin tana gunaguni. A bakin filin ta tarar da takalma tuli guda. Ciki kuwa mata ne birjik tsakanin tabarmi, suna baza kuɓewa da barkono da tumatir. Tun da benaye suka rufe unguwar, nan kaɗai rana ke sauka ƙasa.

Wata tsohuwa, Iya Dije, ta ɗaga mata hannu.

"'Yar nan, cire takalminki. Abinci muke shanyawa."

Barira ta cire, kunya kamar ta nutse. Tsohuwar ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo kunun tsamiya, tana ba ta labarin cewa duk miyar unguwar daga nan take fitowa. Ba ta ma san an kusa raba su da filin ba.

Da la'asar Barira ta koma ofis, ta janye takardarta ta neman soke sashen, ta rubuta cewa fili yana da masu shi. Ba ta san wanda ya sa sashen nan a doka ba, amma ta yi masa addu'a har zuci, ta kuma gode wa Allah da majalisa ta yi nawar amsa mata.

Sai dai birane shida sun riga sun sayi Ma'auni, kuma dokarsu ba ta ce kowa ya je ya gani ba. Ta jawo waya ta fara kiransu ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayin barkono bai bar tafin ƙafarta ba.